Yaron Da Sunansa Bai Fito Ba

Kowace shekara, idan damina ta yi nisa har masara ta fara nuna, akwai wata Lahadi da majami'unmu kan cika da shaidar godiya. Uba ya miƙe ya ce ɗansa ya sami Kwalejin Gwamnatin Tarayya. Uwa ta taso da rawa, baiko a hannu, domin an ɗauki 'yarta a makarantar kwana. Zumuntar Mata su ɗauki waƙa, ikkilisiya duka ta amsa da Amin. Wannan daidai ne, gama godiya ta cancanci Ubangiji. Amma duk wanda ya waiwaya ya dubi kujerun baya a ranar nan zai ga waɗansu iyaye sun sunkuyar da kai, ga yaro kusa da su ya ƙura wa ƙasa ido. Shi ma ya rubuta jarrabawar shiga sakandare. Shi ma an ɗora masa hannu an yi addu'a. An je an duba allo, an sake dubawa, ba sunansa. Saboda wannan yaro da iyayensa muke rubutun yau.

Abin da muke so mu faɗa ba shi da yawa, ko da yake yinsa yana da nauyi. Yaron da bai sami gurbi a makarantar da aka nema masa ba, lalle ne a sama masa wani aji kafin zangon farko ya yi nisa. Wannan aikin iyayensa ne, aikin ikkilisiyarsa ne kuma. Zaman gida da sunan "sai baɗi" shi ne ramin da ya fi cinye 'ya'yanmu.

Bari mu fara da lissafi, domin yawancin duka da zagin da yara kan sha a wannan lokaci, rashin lissafin manya ne ke jawo shi. Kwalejojin Gwamnatin Tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗin kan ƙasa, sun soma ne da guda uku a 1966, wato a Sakkwato da Warri da Okposi. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara su domin kowace jiha ta samu, a lokacin ne aka buɗe na Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri. Yanzu sun haura 100. To, amma a 2024 yara sama da 70,000 aka yi wa rajistar jarrabawar shigarsu, wadda hukumar NECO ta shirya, alhali kuwa guraben da ma'aikatar ilimi ta ce makarantun na iya ɗauka, a bayaninta na 2021, wajen 30,000 ne. Wato ko da kowane yaro ya ci jarrabawar sarai, fiye da rabinsu dole su koma gida ba takarda. Bugu da ƙari, ba a kan maki kaɗai aka yi rabon ba. Ka'idar da ma'aikatar ta sha bayyanawa ita ce kashi 60 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 30 bisa daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 kuma bisa larura. Saboda haka yaro zai iya fin wani maki, a ɗauki wancan a bar shi, domin jiharsa ta cika da masu nema.

Haka abin yake a makarantun kwana na jihohi da manyan makarantun mishan, masu nema sun fi gadaje yawa. Tushen matsalar ya daɗe. Tun daga 1976 da aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa, ginin firamare ya yi wa ginin sakandare nisa, har yau kuma makarantun firamare na gwamnati sun ninka ƙananan sakandare sau da dama. Ko an sake wa jarrabawar suna, ko an sake mata fasali, muddin ba a ƙara azuzuwa ba, za a ci gaba da samun yaran da ƙofa ta rufe a gabansu.

Don haka, ya kai uba, ajiye bulala. Ya ke uwa, daina gwada shi da ɗan maƙwabta. Sa'ad da annabi Sama'ila ya je gidan Yesse a Baitalami domin ya keɓe sarki, an jera masa 'ya'ya bakwai, ba wanda ya tuna da autan da ke jeji yana kiwon tumaki. A jerin farko ba sunan Dawuda. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu yana ɗaukar abin da ya ji daga bakin iyayensa tamkar hukuncin alƙali. In an ce masa daƙiƙi a wannan mako, zai iya yin shekara goma yana tabbatar da maganar. A zauna da shi, a nuna masa lissafin nan da muka yi, a gaya masa cewa za a nemi wata makaranta, sa'an nan a tashi a nema.

Akwai hanyoyi uku da muke roƙon masu bi su guje musu, domin mun ga inda suke kaiwa.

Ta farko ita ce sayen gurbi. Da zarar suna bai fito ba, sai ga wani ya zo yana raɗa cewa yana da mutum a ma'aikata, a kawo ɗan abin goro kawai. Wani kuma ya ba da shawara a je a yanko takardar shaidar asali ta wata jihar da makinta ke ƙasa, ko a rage wa yaro shekaru a takardar haihuwa. Mu kira abin da sunansa: cin hanci ne da shaidar zur. Gurbin da aka saya, na wani yaro ne aka ƙwace, sau da yawa ma ɗan gwauruwa ko ɗan manomin da ba shi da kowa a ofis. Yaron da ya ga ubansa, dattijo guda a ikkilisiya, ya saya masa shiga makaranta, ya riga ya koyi darasinsa na farko tun bai sa yunifom ba, gobe kuma in ya sayi amsar jarrabawa ba mu da bakin tsawata masa. Ban da wannan, da yawa daga masu raɗar nan 'yan damfara ne, su karɓe kuɗin su kashe waya.

Ta biyu ita ce ajiye yaro a gida ya jira jarrabawar baɗi. A nan akwai bambanci da ya kamata a lura da shi. In yaro ƙarami ne, irin waɗanda ake tsamowa daga aji huɗu ko biyar ana tura su jarrabawa suna da shekara tara ko goma, to, ya koma ya yi aji shida sosai, a cikin aji, gaban malami. Wannan ba hasara ba ce, gyaran gaggawar iyaye ne. Amma yaron da ya gama aji shida, shekarunsa sun kai, a ce ya zauna wata goma sha biyu ba littafi, baɗi zai shiga ɗakin jarrabawa da ƙasa da abin da ya sani bana, ga kuma sababbin ɗalibai dubbai da suka taso a bayansa.

Ta uku ita ce wadda ta fi ba mu tsoro, domin takan shigo ne a hankali. Tun da tana gida, bari ta ɗan riƙa talla. Tun da yana gida, bari ya bi yayansa ramin haƙar ma'adinai ko tashar mota. Sai wata gwaggo ta zo daga birni ta ce a ba ta yarinyar ta taya ta aiki, za ta sa ta a makaranta, shekara uku su wuce yarinya tana aikatau. Yaron da ya ɗanɗana kuɗin hannunsa, komawa benci yakan yi masa wuya. Yarinyar da ta yi shekara biyu a gida, masu neman aure sun fara sallama. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa makaranta a Nijeriya. Da yawa cikinsu ba wanda ya taɓa yanke shawarar cire su. An dai ce su ɗan jira ne, jiran ya zama zama.

To, ina mafita? Mafita ta farko tana cikin doka, kuma abin mamaki ne yadda iyaye da yawa ba su san da ita ba. A ranar 30 ga Satumba 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 kuma aka yi masa doka. Dokar nan ta ce karatun shekara tara, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne a makarantun gwamnati. Har ta tanadi horo ga uban da ya ƙi kai ɗansa: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu daga nan gaba. Ma'anar wannan ita ce, yaron da ya gama aji shida yana da haƙƙin kujera a ƙaramar sakandare ta gwamnati. Uban da ya je nema masa ba bara ya je yi ba.

Saboda haka kada a ɓata mako guda ana zaman makoki. A ɗauki sakamakon jarrabawa, da takardar shaidar gama firamare, da takardar haihuwa, da ƙananan hotuna, a fara da hedimastan da ya yaye yaron, domin shi ya san makarantar da ake tura ɗalibansa. Daga nan a je wurin shugaban makarantar je-ka-ka-dawo mafi kusa. In ya ce aji ya cika, a wuce ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma ko ofishin shiyya na ma'aikatar ilimi, a rubuta buƙata a takarda, a riƙe kwafi. A je da ladabi, a kuma koma sau biyu, sau uku. Wanda bai iya karatu ba, ko yake jin nauyin shiga ofis, ya nemi wani malami ko ma'aikaci a ikkilisiya ya raka shi. Haka nan a riƙa leƙa makarantar da aka nema da fari, domin ba duk wanda aka ɗauka ke zuwa ba, amma a yi wannan leƙen yaro yana cikin wani aji.

Mun san abin da waɗansu za su ce, kuma ba za mu yi musu gardama ba. Za su ce makarantar je-ka-ka-dawo ta unguwarsu aji ɗaya ya fi yara ɗari, waɗansu a ƙasa suke zama, malamin lissafi ɗaya ne tak, kuma duk da sunan kyauta akwai kuɗin yunifom da littattafai da na ƙungiyar iyaye da malamai. Gaskiya ne. Amma da babu gara ba daɗi. Yaron da ke ajin nan sunansa yana cikin rajista, zai zauna jarrabawar aji uku tare da tsararsa, kuma kowace yamma yana gida inda za a iya duba littafinsa. Giɓin da makaranta ta bari, ana iya cike shi da darasin yamma, za mu zo kan wannan. Shekarar da aka zubar a gida kuwa ba mai mayar da ita.

Akwai kuma abin da ya sa bai kamata a raina kwanan yaro a gida ba. Ba mu manta da Buni Yadi da Chibok a 2014 ba, ko Birnin Yawuri da makarantar Baptist ta Bethel a Kaduna a 2021, ko Papiri ta Jihar Neja a 2025. Ba cewa muke yi a guji makarantar kwana ba, gama da yawa cikinmu can muka zama mutane. Muna cewa ne uwar da ɗanta ke dawowa ya ci tuwon dare a gabanta ba ta da dalilin jin kunya a gaban kowa.

Mafita ta biyu ita ce makarantar kuɗi, ga mai hali. A nan sai a yi hattara, domin ba duk gini mai allon suna da fenti ne makaranta ba. A tambaya ko ma'aikatar ilimi ta jiha ta yi mata rajista, a nemi ganin takardar. A tambaya ko ɗalibanta a nan suke rubuta jarrabawar WAEC da NECO, ko kuwa kwasarsu ake yi zuwa wani wuri. A shiga aji a ƙirga malamai. Makarantar da ke yi wa iyaye alkawarin cewa ba ɗalibinta da ke faɗuwa, a guje ta, domin an san yadda ake samun irin wannan sakamako. Sa'an nan a zauna a lissafa kuɗin shekara shida, har da na ƙannen da ke tafe. Mun ga gidajen da suka sayar da gona domin zangon farko, a aji biyu aka koro yaro saboda bashi, aka rasa gona aka rasa karatu.

Mafita ta uku ita ce a tuna cewa akwai wata ƙofa bayan aji uku. Kwalejojin fasaha na tarayya, irin na Kafanchan da Zuru da Michika, da na jihohi irin ta Bukuru, suna ɗaukar ɗaliban da suka gama ƙaramar sakandare. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a Jihar Kano, waɗanda aka buɗe a 1977, su ma daga tsakiyar sakandare suke zaɓen ɗalibansu. Ɗalibin kwalejin fasaha yakan fita da takardar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, takardar kuma ana shiga kwalejin kimiyya da fasaha ko jami'a da ita. Yaron da ya dage shekara uku a je-ka-ka-dawo zai iya ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi. Wanda aka ajiye a gida ba shi da takardar da zai nuna a bakinsu.

Game da koyon sana'a, mun yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ubangijinmu da kansa an san shi da aikin sassaƙa a Nazarat, Manzo Bulus kuma, duk da zurfin karatunsa, ɗinkin tanti ne ya ciyar da shi a Koranti. Amma a lura, Bulus ya haɗa biyun ne. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ita ma ta sa koyon sana'a ne bayan ƙaramar sakandare, ga yaron da ba zai wuce babba ba. Makaniken yau yana karanta na'urar gwada mota, mai haɗa wutar sola yana lissafin batir, tela yana rubuta awo yana karɓar kuɗi ta waya. Don haka makaranta da safe, shago da yamma da ranar Asabar da lokacin hutu. A zaɓi maigidan da aka san halinsa, a yi yarjejeniya a gaban shaidu, a faɗi shekarun koyo da lokacin tashi, kada a mai da yaro ɗan aike kawai.

Waɗanda kuma shekaru suka riga suka wuce musu, kada su ce ta ƙare. Jihohi suna da hukumomin yaƙi da jahilci, kamar wadda Jihar Kano ta kafa tun 1980, da azuzuwan ci gaba da karatu na yamma. WAEC da NECO duk suna shirya jarrabawa ta musamman domin waɗanda ba sa cikin makaranta. Wanda ya haɗa takardunsa ta wannan hanya, takardarsa tana kai shi babbar makaranta kamar ta kowa.

Yanzu sai mu juyo kan kanmu, mu ikkilisiya. Iyayenmu a cikin bangaskiya ba su jira gwamnati ba. A Gindiri an buɗe sakandaren maza a 1950, ta 'yan mata a 1958. An yi Waka kusa da Biu. A Kaduna da Zariya, makarantun da ake kira Rimi da Sarauniya Amina da Kufena a yau, mishan ne suka gina su da sunayen St. John da Queen of Apostles da St. Paul, kafin gwamnati ta karɓe su a farkon shekarun 1970. 'Ya'yan manoma ne suka cika makarantun nan, waɗansu a ƙafa suka zo da akwati a ka. Yau muna da makarantun ikkilisiya fiye da na wancan zamani, amma tilas mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa cikinsu, matar da ta ɗauki ruwa da yashi a ka ranar gininsu ba za ta iya biyan kuɗin zango ɗaya ba. Wannan abin kunya ne, ba kuwa gwamnati ce ta jawo mana shi ba.

Ga abin da muke ba kowace majalisar ikkilisiya shawara ta yi bana. Malaman makarantar Lahadi su rubuta sunan kowane yaro da ya gama aji shida, har da marayu da 'ya'yan waɗanda ba sa zuwa sujada kullum. Bayan mako biyu da komawa makaranta, a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, a san inda kowa yake. A naɗa mutum biyu ko uku, malamai ko waɗanda suka yi ritaya, su riƙa raka iyaye ofis. A buɗe asusun ilimi dabam da na gini. In mutum 200 suka riƙa ba da naira 500 kowane wata, naira 100,000 ke nan a wata, miliyan ɗaya da dubu 200 a shekara, wannan kuwa zai ɗinka yunifom ya sayi littattafai ga yara da dama. A riƙa karanta lissafinsa a fili, a rufe sunayen waɗanda aka taimaka. Majami'ar da ke rufe daga Litinin zuwa Juma'a, a buɗe ta da yamma, matasanmu da suka gama jami'a da kwalejin horon malamai su koyar da lissafi da Turanci da kimiyya, a kuma bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi da duk wanda ya zo, gama matsalar nan ba ta tambayar addinin gida. Kowace makarantar ikkilisiya kuma ta keɓe kujeru a kowane aji domin 'ya'yan marasa hali, ta sanar da yawansu a taron shekara.

Ga gwamnatocin jihohi, roƙonmu shi ne su biya kasonsu su karɓo kuɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ke ware musu, wanda aka sha ba da labarin biliyoyin naira daga cikinsa suna kwance ba a ɗauka ba, su gina ƙaramar sakandare inda yaro zai iya zuwa a ƙafa. Za mu ci gaba da tuna musu. Amma ba za mu ajiye 'ya'yanmu a gida muna jiran su ba.

Daga ƙarshe, muna roƙon fastocinmu, a Lahadin godiya mai zuwa, bayan an gama rawa da waɗanda sunansu ya fito, a yi addu'a domin sauran ba tare da an tsai da su a gaban jama'a ba. Ranar Litinin kuma da sassafe, wani dattijo ya sa takalminsa ya je gidansu ya yi sallama, ya ce a ɗauko takardun yaron. Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.